Tsohon Babur Ko Sabon Bashi?

 Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan fitowa ta mujallarmu shi ne wata gardama da ta kaure a gidanmu lokacin hutun da ya wuce, ta kuma biyo ni har ɗakin kwananmu a nan jami'a. Gardamar kuwa a kan wani tsohon babur ce wanda injinsa ya buga. Na san wani zai ce, ƙasa tana cikin halin da take ciki, ina ruwan mujallar ɗalibai da gwangwanin babur? To, a yi haƙuri a karanta har ƙarshe, domin kuwa halin da muke nuna wa babur in ya lalace, shi ne dai halin da muke nuna wa famfon unguwa da injin asibiti da masana'antar gwamnati.

Ga yadda abin ya faru. Yayana malamin gona ne a ƙasar Ngaski, yana zagaya ƙauyukan bakin tafkin Kainji daga Wara. Abin hawansa wani babur ne ɗan Japan, irin mai dogayen ƙafafun nan da aka ƙera domin daji, wanda ya gada daga mahaifinmu. Shi ma marigayin malamin gona ne, ya kuma mallaki babur ɗin tun Yawuri tana cikin Jihar Sakkwato, kafin a yanke Jihar Kebbi a 1991. Watau dai babur ɗin ya girme ni nesa ba kusa ba. Ran nan cikin hunturu, yayana yana komowa daga wajen masu noman albasa, sai injin ya yi wata irin ƙara, tayar baya ta ja ƙasa, kome ya tsaya cik. A kan amalanken shanu aka kawo shi gida.

Kafin hantsi masu ba da shawara sun cika zaure, yawancinsu abokan aikinsa ne, 'yan boko irinmu. Bakinsu ɗaya: "Malam, rabu da wannan gwangwani. Kai fa ma'aikacin gwamnati ne. Sayar da shi ka cika takarda ka karɓi sabo, a riƙa cira a albashi." Dillali ma bai yi nawa ba, ya zo ya zagaya babur ɗin sau ɗaya, ko injin bai buɗe ba, ya yi tayin da ko tunkiyar kirki ba zai saya ba. Ni kuwa na ce, "Yaya, a gyara." Har yanzu ina kan bakana, kuma ga dalilaina.

Da farko mu tambayi kanmu, mene ne ma'anar inji ya buga? Yawancin masu cewa a sayar ba su taɓa leƙa cikin inji ba, saboda haka kalmar takan faɗo musu kamar an aiko da saƙon rasuwa. Alhali kuwa abin sananne ne. A cikin inji akwai wani ƙarfe mai kama da ƙaramin kofi da ake kira fistan, yana hawa yana sauka cikin ramin bulok sau dubbai a minti guda. Abin da ke hana shi gogar bangon ramin shi ne ɗan man da ke tsakaninsu. Irin injin babur ɗin yayana yana ƙona wannan mai ne tare da fetur, ko dai wani ɗan famfo ya turo shi daga tankinsa, ko kuwa a gauraya shi da hannu. Idan man ya ƙare, ko hanyarsa ta toshe, ko aka zuba jabu, ko kuma ƙurar hunturu ta shiga domin soson da ke tace iska ya yage, sai fistan ya yi zafi ya kumbura, ya kame a jikin bulok. Bugawar ke nan.

Masu ƙera babur sun san haka za ta faru, shi ya sa galibi sukan tanadi fistan mai girma hawa-hawa, daga 0.25 na milimita zuwa 0.50 da 0.75, har 1.00. Sai a kai bulok wajen mai injin rarakewa ya share zanen da aka yi, ya faɗaɗa ramin daidai da sabon fistan, a sa sabbin ringi da gaskit, a duba kiranshaf da boris, abin da ya saki a canza shi. Ashe ke nan wanda ya ƙera injin da kansa ya yi masa tanadin tashi har sau huɗu bayan faɗuwa. Mu ne dai muke yi masa jana'iza tun a faɗuwar farko.

Da ƙyar na shawo kan yayana muka ɗora babur ɗin a mota zuwa Yalwa, wajen wani dattijon bakanike da ya san marigayi. Ya kwance injin a gabanmu ya jera kayan a kan buhu. Robar da ke kai mai ta tsage, soson iska kuwa ya zama gari. Ya dubi yayana ya ce, "Malam, yaushe rabonka da wanke wannan soso?" Yayana ya sunkuyar da kai. Sa'an nan dattijon ya ƙwanƙwasa gangar jikin babur ɗin, ya juya giya, ya ce lafiyarsu lau, ya lissafa kuɗin kaya da na aiki. Gaba ɗaya bai kai ushirin kuɗin sabon babur ba.

Wannan ya kawo mu ga dalili na biyu, watau lissafi, wanda mu 'yan makaranta ya kamata mu fi kowa iya shi. A ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin mai, a watan Yuni kuma aka saki naira kasuwa ta yi mata farashi. Litar fetur da ba ta kai naira 200 ba ta tasam ma 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 kuma ta haura 1,000 a wurare da yawa. Duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya bi sahu. A shekarar 2024 sabon Bajaj Boxer, wanda shi ne jakin talaka a ƙauyukanmu, ya haura naira miliyan ɗaya, alhali mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a watan Yuli naira 70,000 ne. Duk wanda ya iya raba lamba zai ga cewa ƙaramin ma'aikaci sai ya tara albashin fiye da wata 14, bai ci ba bai sha ba, kafin ya kai kuɗin babur guda. In kuwa rance ne, sai a ɗora kuɗin ruwa a kai. Wannan shi ne ramin da abokan arziki suke tura mutum ciki da sunan rufin asiri. In kuma ya ce bari ya nemi mai araha wanda kuɗinsa za su isa, ya yar da ƙarfen da ya jure shekara talatin da ɗoriya ya ɗauko wanda ba a san asalinsa ba, to tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri.

Kuma ina da tambaya ga masu cewa babur ɗin ya mutu. In mataccen abu ne, me ya kawo dillali zaurenmu da sassafe? Dillali ba ya yin sammako domin gawa. Ya san abin da mu ba mu sani ba: zai saya a farashin 'yan gwangwan, ya ba bakanike ya tashe shi cikin mako guda, ya sayar wa wani falken kifi da ninkin-ba-ninkin abin da ya biya. Jahilcinmu ga abin da muke hawa kullum shi ne jarinsa. Ba na ganin laifinsa, sana'arsa ce. Laifin na mai digiri ne da ya yarda a cuce shi domin yana ƙyamar baƙin mai ya taɓa masa riga.

Dalili na uku shi ne ƙasar da babur ɗin yake yi wa aiki. Wanda bai san Yawuri ba sai a bakin titin da ya taso daga Kwantagora ya ratsa Yalwa ya nufi Koko da Jega, bai san ta ba. Sa'ad da aka gina madatsar Kainji tsakanin 1964 da 1968, ruwa ya cinye gungu da gonaki da garuruwa, aka tashi mutane kimanin 44,000 aka sake musu matsuguni. Gungawa da dama da suka saba fita daga ƙofar gida su faɗa jirgi, sai suka wayi gari a tudu, cikin ƙauyukan da kwalta ba ta san da zamansu ba. Tafkin kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya, yakan cika ya kawo, yakan ja baya ya bar laka da yashi, can kuma masu albasa da masunta suke bin sa. Daga ƙauyukan Shanga har zuwa Libata, da damina hanya taɓo ce, da rani rairayi. Domin irin wannan ƙasa aka ƙera babur mai dogayen ƙafafu: cikinsa ya yi nesa da ƙasa, tayarsa ta gaba babba ce mai ƙwanƙwasai, salansarsa a sama take ba ta shan ruwa in an tsallaka rafi. Ran da malamin gona ko malamin allura ya rasa abin hawan da zai kai shi, manomi ne da jariri suke biyan kuɗin.

Yanzu bari in saurari abokan gardamata, domin ba duk maganarsu ce banza ba. Sun ce tsohon inji ya fi sabo shan mai. Gaskiya ne, irin wannan inji ya fi na zamani cin fetur, ga kuma hayaƙi. Amma a ɗauki takarda a rubuta ƙarin fetur ɗin da zai sha a wata, a rubuta a gefe abin da za a riƙa cira a albashi kowane wata har shekara biyu, sa'an nan a gaya mini wanne ya fi nauyi. Sun ce kayan gyara sun yi wuya, kasuwa kuma cike take da jabu. Wannan ma gaskiya ne, kuma shi ne babban haɗarin. Maganinsa shi ne kada mutum ya miƙa kuɗi ya juya baya. Ya tafi da bakaniken da ya amince da shi, ya riƙe tsohon fistan a hannu a gwada, ya guji mai arahar da ta wuce hankali. Sun kuma ce gyara ba ya ƙarewa, yau wannan gobe wancan. Abin da ba ya ƙarewa faci ne, watau a ɗaure da waya a toshe da leda a ce Allah ya kiyaye. Gyara kuwa shi ne a kwance a auna, a fitar da duk abin da ya ci, a mayar da ingantacce, sa'an nan a lallaɓa injin makonnin farko har ringi su zauna.

Kada a ɗauka ina cewa kowane tsohon ƙarfe abin riƙewa ne. Mu mutanen bakin ruwa mun san abin da riƙon ruɓaɓɓen abu yake jawowa. A ranar 26 ga Mayu 2021 wani jirgin katako ya tarwatse a kan ruwa kusa da Wara, aka yi asarar rayuka masu ɗimbin yawa, hukumomi kuma suka danganta abin da tsufan jirgin da lodin da ya wuce kima. Allah ya jiƙansu. Saboda haka in gangar jikin babur ta karye ko ta karkace, in gidan injin ya fashe, in an rarake bulok har an ƙure kuma ba a samun wani, in kuɗin gyara ya doshi rabin kuɗin wani mai lafiya, to a sayar, ba gardama. Abin da nake yaƙi da shi shi ne a yanke hukunci kafin a buɗe inji.

To, in lissafi bai goyi bayan sayarwa ba, me ya sa 'yan boko suka fi kowa saurin cewa a sayar? Amsar ba ta da daɗin ji, amma tilas a faɗe ta: kunya ce da girman kai. Tun muna firamare aka cusa mana cewa wanda ya kasa karatu shi ake kai wa gareji. Mun taso muna ganin aikin hannu horo ne, farar riga kuwa ita ce shaidar ilmi. Ma'aikaci ya gwammace a gan shi a kan sabon babur na bashi, yara suna kwana da yunwa, da a gan shi a kan tsohon da ya mallaka. Basarken da ko aji ɗaya bai shiga ba, in tarunsa ya yage zama yake yi a inuwa ya ɗinke shi. In injin jirginsa ya tsaya ya san inda zai taɓa. Manomin albasa yakan kwance injin ban-ruwansa a bakin fadama ya mayar. Su sun riƙe maganar magabata cewa guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Mu da muka yi karatu mu ne muka manta da ita.

Wannan ciwo ya daɗe. A farkon 1975, da ma'aikata suka karɓi ƙarin albashin Udoji haɗe da ariyas, kasuwanni suka cika da babura da rediyo da talabijin na ƙasashen waje, abin da ya lalace a jefar a sayo wani, ai akwai kuɗin mai. Gwamnati ta kafa wuraren harhaɗa motoci, Peugeot a Kaduna, Volkswagen a Legas, Steyr a Bauci, Fiat a Kano, Leyland a Ibadan, amma yawancin kayan a cikin akwati suke zuwa, mu namu ɗaure kusa. Da farashin mai ya faɗi, gwamnatin Shagari ta shiga tsuke bakin aljihu a 1982, Babangida ya kawo SAP a 1986, naira ta karye, akasarin waɗannan masana'antu suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya. Ajaokuta da aka ce za ta ba mu ƙarfe, har yau ba a gama ta ba. Su wa suka hana ƙasar tsayawa cik a waɗannan shekaru? 'Yan Panteka ne a Kaduna, da 'yan Ƙofar Ruwa a Kano, da dubban makanikai a gindin bishiya, waɗanda ba wanda ya taɓa ba su lambar girma.

Dubi kuma waɗanda suka ɗauki gyara da daraja. Soichiro Honda, wanda sunansa yake a jikin miliyoyin babura, yaron gareji ne a Tokyo tun 1922. Daga gyaran mota ya koma ƙera ringin fistan, irin wanda ake sa wa injin da ya buga. A 1946, bayan yaƙi ya rusa Japan, ya riƙa tattara ƙananan injinan da sojoji suka bari yana ɗaura wa kekuna, a 1948 ya kafa kamfanin Honda. A nan gida ma, 'yan kasuwar Nnewi da sayar da kayan gyaran babur suka fara, suka kai ga ƙera wasu da kansu, har ɗayansu, Innocent Chukwuma, ya kafa masana'antar motoci ta Innoson. A Kumasi ta ƙasar Ghana akwai unguwar Suame, gari guda na makanikai da maƙera. Ƙungiyar Riders for Health kuwa, wadda ta faro a ƙarshen shekarun 1980, abin da ya tayar da ita shi ne ganin baburan ma'aikatan lafiya a Afirka jibge a bayan ofisoshi saboda ƙananan matsaloli. Ta koya wa masu hawa duba mai da sarƙa da birki da soson iska kowace safiya, baburan suka riƙa shekaru suna aiki. Duk wanda ka ga yana ƙera inji, da gyaran na wani ya fara.

Ku kuma ƙananan ma'aikata, kowa ya zagaya bayan ofishinsu gobe da safe ya ƙirga babura da motocin da ciyawa ta tsiro a ƙarƙashinsu. Da yawansu abin da ya kwantar da su bai wuce filogi ko kafireta ko taya ba. Me ya sa ba a gyarawa? Domin takardar gyara ƙarama ce, ba ta da romo, kwangilar sayen sababbi kuwa akwai kashi goma a cikinta. Bayan 'yan shekaru sai a yi gwanjonsu a ɓoye, wani babba ya kwashe a kuɗin goro. Wannan shi ne ci gaban mai haƙan rijiya. Mu da muke zanga-zanga muna zagin shugabanni a kan almubazzaranci, in mun kasa riƙe babur guda da muka gada, da wane baki za mu ce za mu riƙe dukiyar jama'a in an damƙa mana ita?

Saboda haka ina kira ga ƙungiyarmu ta ɗalibai da abubuwa uku. Na ɗaya, ta nemi hukumar jami'a ta ba mu rumfa guda da kayan aiki, inda ɗaliban injiniya za su zauna da makanikan gari kowace Asabar, su su kawo lissafi, su kuma su kawo hannu, duk mai babur ko keke ya zo ya koyi kula da abinsa. Na biyu, ƙungiyoyin ɗalibai 'yan asalin Yawuri da Ngaski da Shanga su rubuta wa ƙananan hukumominsu, su nemi a ƙirga abubuwan hawan da ke kwance, a bayyana wa jama'a adadinsu, a gyara masu gyaruwa kafin a sake sayen ko ɗaya. Na uku, kowannenmu in ya je hutu ya ba garejin unguwarsu mako biyu, ya cire agogo ya naɗe hannun riga, ya kira mai garejin Malam, domin a wannan fage shi ne malamin.

Amma batun babur ɗin yayana, an aika da bulok Kwantagora a motar kasuwa, ya dawo bayan kwana huɗu. Dattijon ya haɗa injin, ya hana shi gudu da ɗaukar kaya masu nauyi har wata guda, ya kuma sa shi ya wanke soson iska a gabansa sau biyu don ya tabbata ya iya. Wasiƙar da na samu daga gida makon jiya ta ce ya koma zagayensa, albashinsa kuma yana zuwa cikakke ba wanda ya taɓa shi. Abokan aikin nasa har yanzu suna yi masa dariya in ya shigo da hayaƙinsa, biyu daga cikinsu kuwa shi yake ranta musu kuɗin cefane kafin wata ya mutu.

Wanda yake da ja a kan abin da na faɗa, filin mujallar nan a buɗe yake, sai dai ina roƙonsa ya zo da lissafinsa a rubuce. Allah ya sa mu gane, ya kuma ba mu ikon riƙe abin da ke hannunmu, amin.